Tikiti, Waranti da Tara: Jagora ga Wanda Ranar Kotun Gari ta Wuce Shi a Amurka

A shekarar 2007 wata mata a garin Ferguson na jihar Misuri ta ajiye motarta inda doka ta hana. Aka rubuta mata tikiti biyu, tarar dala 151 da 'yan kuɗin kotu. A lokacin tana cikin babu, wani zubin ko wurin kwana ba ta da shi. Daga 2007 zuwa 2010 aka tuhume ta har sau bakwai da laifin rashin zuwa kotu ko rashin biya a kan kari, kowace tuhuma da tata sabuwar tarar. Sau biyu ana kama ta, ta yi kwana shida a tsare. Sau biyu kuma ta kai abin da ya sawwaƙa, dala 25 da dala 50, kotu ta mayar mata da kuɗinta, wai sai ta kawo duka a dunƙule. Zuwa Disambar 2014 ta biya dala 550, amma ana bin ta 541. Labarin nan yana cikin rahoton da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar a Maris 2015, bayan binciken da ya biyo bayan kisan Michael Brown, matashin baƙar fata da ɗan sanda ya harbe a garin a 2014. Rahoton ya ce a 2013 kaɗai kotun wannan gari mai mutum kamar dubu 21 ta fitar da waranti, wato takardar umarnin kama mutum, sama da dubu tara.

Tikitin dala 151 bai isa ya yi wa matar nan wannan ɓarna ba. Ranakun kotun da suka riƙa wucewa babu ita su suka haifi sauran. Dokar Amurka ta hana a ɗaure mutum don ba shi da kuɗin tara, amma kariyar ba ta bin mutum gida. Sai ya tsaya gaban alƙali ya faɗa da bakinsa, da takardu a hannu. Wanda ya ƙi zuwa saboda aljihunsa babu komai ya bar ƙofa ɗaya tilo da doka ta buɗe masa, ya faɗa inda alƙali yake da cikakken iko a kansa.

Na rubuta wannan ne don 'yan uwa da ke Bronx, Harlem, Philadelphia, Greensboro, Houston da sauran garuruwa, musamman masu tuƙa tasi, masu Uber, masu kai abinci da direbobin manyan motoci, waɗanda tikiti ke samu a wani ɗan ƙauyen bakin hanya da ba za su sake bi ba. Kowace jiha da tata dokar, don haka inda na kawo adadi zan faɗi jihar da nake magana a kai.

Mataki na farko: karanta takardar kamar mai karanta wasiƙar gado

Abu huɗu kake nema a jikin tikitin ko sammacin: sunan kotun, lambar ƙara, ranar zama, da kuma ko an ce dole ka zo da kanka ko za ka iya biya ta intanet.

Ranar zaman nan ta kayar da mutanenmu da yawa. A Najeriya, Nijar da Gana rana ake fara rubutawa kafin wata. A Amurka wata ne a gaba. Idan ka ga 03/04, ana nufin 4 ga Maris. Na san wani bawan Allah da ya shirya tsaf, ya ɗauki hutun aiki, ya sa babbar riga ya tafi kotu ranar 3 ga Afrilu, sai magatakarda ta duba kwamfuta ta ce masa ai wata guda ke nan da alƙali ya sa hannu a warantinsa.

Sai sunan kotun. Abin da nake kira kotun gari ƙaramar kotu ce da hukumar birni ke gudanarwa, mai sauraron laifukan hanya, karya dokokin gari da ƙananan laifuka. Teksas, New Jersey, Jojiya, Misuri da Ohayo duk suna da su birjik. Kalifoniya ta narkar da nata cikin manyan kotunan gunduma. A cikin birnin New York kuwa tikitin tuƙi na yau da kullum yana zuwa wani ofishi ne na hukumar lasin, na ajiye mota yana zuwa sashen kuɗi na birni, amma da ka fita ƙauyukan jihar sai ka tarar da ƙananan kotuna fiye da dubu, waɗanda da yawan alƙalansu ba lauyoyi ba ne. Kada ƙanƙantar ɗakin ta ruɗe ka. Alƙalin da ke zama sau ɗaya a mako a bayan ofishin 'yan kwana-kwana, sa hannunsa na iya sa a kama ka.

Abu biyu kuma da ba a faɗa wa baƙo. Sa hannu a tikiti a bakin titi alkawari ne cewa za ka bayyana, ba amsa laifi ba ne. Biyan tikiti kuwa, a mafi yawan wurare, amsa laifi ne. Ga wanda tuƙi ne abincinsa, wannan na iya zama makin laifi a lasin da ƙarin kuɗin inshora na shekaru, don haka a yi tunani kafin a danna.

Idan ranar ba ta zo ba tukuna

Nan aikin da sauƙi. Ka san za ka tafi gida jana'iza, ko aikin Hajji, ko matarka na gab da haihuwa? Ka nemi a ɗage zaman tun da wuri, a rubuce, ta imel ko ta tagar magatakarda, ka ajiye kwafi. Ɗagewar farko ba kasafai ake hana ta ba. Amma roƙo daban, amincewa daban: muddin ba a ba ka sabuwar rana ba, tsohuwar tana nan. A lokacin ne kuma za ka ce kana buƙatar tafintan Hausa, don sau da yawa ta waya ake samo shi, kuma samo shi na cin lokaci. Kada ka dogara da ɗanka ɗan shekara goma sha biyu ya yi maka tafinta a gaban alƙali.

Ka tabbatar adireshin da ke hannun kotu da na hukumar lasin shi ne inda kake kwana yanzu. Da yawanmu mun yi rajistar lasin da adireshin wani ɗan uwa tun zuwanmu, mun tashi sau uku, wasiƙun kotu na can suna taruwa a akwatin da ba mai buɗewa. A idon doka, an aika maka.

Ranar ta wuce: abin da kotu ke iya yi

Ya danganta da jiha da nauyin laifin, amma makaman kotu sanannu ne. Tana iya aiko maka da sanarwa ta biyu. Tana iya yanke hukunci a bayan idonka idan ƙaramin laifin hanya ne. Tana iya ƙara maka kuɗi: a Kalifoniya wannan ƙarin ya kai dala 300 kafin a rage shi zuwa 100 a 2022. Tana iya kai sunanka hukumar lasin a dakatar da lasinka ko a hana ka sabuntawa, kuma yawancin jihohi suna da yarjejeniyar sanar da juna, don haka tikitin da ka yi watsi da shi a wata jiha zai iya tarar da kai a taka. Idan ka ajiye kuɗin beli tana iya cinye su. Tana iya buɗe maka sabuwar tuhuma ta rashin bayyana, wadda a takarda za ka ga an taƙaita ta da haruffa FTA. A Teksas, idan laifin asali na tara ne kawai, wannan sabuwar tuhumar na iya kaiwa dala 500 ita kaɗai. Sannan babban makamin: waranti daga kujerar alƙali.

Warantin irin wannan ba ya tsufa ya mutu da kansa. Da wuya 'yan sanda su zo ƙwanƙwasa maka ƙofa a kan tikitin fitila, suna dai barinsa a kwamfuta har ranar da za a tsayar da kai a kan wani abu daban, da fasinja a baya, ranar Juma'a da yamma, lokacin da babu alƙalin da zai gan ka sai Litinin. Gaskiya ne wani lokaci hukumomi kan share tsofaffi: a 2017 masu gabatar da ƙara na gundumomi huɗu na birnin New York sun sa an soke tsofaffin waranti sama da dubu 600, a farkon 2019 kuma Kotun Ƙolin New Jersey ta kori tsofaffin ƙararraki sama da dubu 780. Waɗannan duk sun haura shekara goma ana ajiye da su. Mai hankali ba ya zaman jiran irin wannan gafarar.

Ga abin yi, a jere.

Ka kira magatakardar kotun yau, ba gobe ba, da lambar ƙara a hannunka. Ka nemo lambar wayar daga shafin kotun ko jikin tikitin. Tambayoyinka: an fitar da waranti? An kai sunana hukumar lasin? Nawa ake bi na yanzu? Ta wace hanya ake neman janye waranti a nan, akwai ranar da mutum ke zuwa da kansa ba tare da an sa masa rana ba? Idan na zo da ƙafata za a kama ni? Rubuta sunan wanda ka yi magana da shi da lokacin. Magatakarda ba ta ba da shawarar lauya, kuma ba ta da ikon yafe maka, amma ita ta san yadda gidan ke tafiya. Kada ka tsaya ba ta labarin yadda ɗan sandan ya zalunce ka.

Idan sunanka Muhammad ne ko Abubakar ko Ibrahim, ka sa a bincika da lambar lasin da ranar haihuwa, don rubutun sunayenmu a kwamfutocin nan kala-kala ne, kuma mai irin sunanka ba ɗaya ba ne.

Ka tattara hujjar abin da ya hana ka zuwa: takardar asibiti, tikitin jirgi da hatimin fasfo, takardar mai jan mota idan lalacewa ta yi, ko shaidar cewa kana tsare a wani wuri. Idan kuma mantawa ka yi, ka ce ka manta. Alƙalan nan suna jin uzuri ɗari a rana, sun san na ƙarya tun kafin a kai ƙarshensa, kuma wanda ya zo da kansa ya ce ya yi kuskure ya fi samun sassauci a kan wanda aka kawo da ankwa.

Ka rubuta gajeren roƙo na a janye warantin a sa sabuwar rana, ko ka cika fom ɗin kotun idan tana da shi. Layi biyar sun isa: sunanka, lambar ƙara, ranar da ka rasa, dalili, da abin da kake roƙo.

Wasu jihohi sun ɗaure hannun alƙali a nan. A Teksas, tun gyaran dokar 2017, kotun gari ba ta fitar da waranti a kan rasa zaman farko sai ta sanar da kai ta waya ko wasiƙa ta ba ka wata rana, kuma idan ka kawo kanka da niyyar warware maganar kafin a kama ka, doka ta ce alƙali ya janye warantin. Misuri, bayan abin da ya faru a Ferguson, ta yi doka a 2015 da ta hana ƙara tuhumar rashin bayyana a kan ƙananan laifukan hanya. Inda babu irin wannan tanadin, ko inda tuhumar ta wuce ta tara kawai, kamar tuƙi cikin maye ko tuƙi da lasin da aka dakatar, ka nemi lauya kafin ka taka ƙofar kotun. A wurare da yawa lauya na iya shigar da roƙon ba tare da kai ba.

Kafin nan, idan an dakatar da lasinka, ajiye motar. Na san abin da wannan ke nufi ga mai iyali. Amma tuƙi da dakataccen lasin shi ne tsanin da ke ɗauke mutum daga laifin tara zuwa laifin ɗauri.

Af, duk wanda ya kira ka ya ce shi ɗan sanda ne, akwai waranti a kanka, ka sayi katin kyauta na kanti ka karanto masa lambar, ɗan damfara ne. Kashe wayar.

Maganar rashin hali

Nan ne ya kamata a zauna sosai, don nan ne aka fi cutar mu, kuma nan ne muka fi cutar kanmu.

Tushen kariyar hukunce-hukunce ne na Kotun Ƙolin Amurka, waɗanda suka hau kan kowace kotu a ƙasar, har ta ƙauye. A 1971 ta yanke shari'ar wani mutum mai suna Preston Tate, wanda kotun birnin Houston ta ci tarar dala 425 a kan laifukan hanya tara. Da ya kasa biya sai aka tura shi gonar fursuna ya biya da jikinsa, dala biyar kowace rana, kwana 85. Kotun Ƙoli ta ce laifin da hukuncinsa tara ce kawai ba a mayar da shi ɗauri don mutum matalauci ne. Sai 1983, shari'ar Danny Bearden da jihar Jojiya. An yi masa ɗaurin talala bisa sharaɗin ya biya tarar dala 500 da diyyar 250. Ya ranto dala 200 a wurin iyayensa ya biya, bayan kamar wata guda aka sallame shi daga aiki. Bai iya karatu ba, ya yi ta neman wani aikin bai samu ba, aka ɗaure shi. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ce ta rubuta hukuncin: kafin a ɗaure mutum a kan rashin biya, dole kotu ta bincika dalili. Idan yana da hali ya ƙi, ko bai yi ƙoƙarin kirki na samo kuɗin ba, ana iya ɗaure shi. Idan ya yi iya yinsa abin ya faskara, dole kotu ta duba wata hanyar, kamar ƙara masa lokaci, rage tarar, ko aikin hidimar jama'a.

Ma'aikatar Shari'a ta aika wa kotunan jihohi wasiƙar tunatarwa a kan wannan a 2016, aka janye ta a 2017, aka fitar da sabuwa a 2023. Wasiƙa na zuwa tana tafiya da gwamnati. Hukuncin Bearden yana nan inda yake.

Ka lura da kalmar ƙoƙari. Bearden bai ce talaka ya naɗe hannu ba. Abin da alƙali ke aunawa shi ne ko rashin biyan da gangan ne.

To ga inda tarbiyyarmu ke yi mana ƙafar ungulu. An raine mu a kan rufin asiri. Mutum bai ci abincin rana ba, ka tambaye shi ya gida, ya ce sai godiya. Sai ga shi a gaban alƙali, an ce masa tara da kuɗin kotu dala 480 ne, zai iya biya nan da kwana talatin? Ya sunkuyar da kai ya ce zai yi ƙoƙari in Allah ya yarda. Tafinta ya juya, alƙali ya rubuta cewa ya amince. Shi a ransa ladabi ya yi, a takarda kuwa alkawari ya ɗauka, kuma ranar da ya kasa cikawa wannan takardar za a ɗauko. Abin da ya dace ya fito daga bakinsa shi ne: ranka ya daɗe, ba ni da halin biyan wannan kuɗin, ina roƙon kotu ta duba ƙarfina ta ba ni wata hanya. Kalmar da kotunan ke amfani da ita ga marar hali ita ce indigent. Ka riƙe ta, ka faɗe ta, ka roƙi a rubuta cewa ka faɗa. Kuma ka ɗaga kai ka dubi alƙalin, don sunkuyar da kan da muke yi wa manya, a can wasu na ɗaukarsa alamar ɓoye wani abu.

Za a ba ka fom na bayanin samu da kashewa, wanda rantsuwa ne. Ƙarya a cikinsa laifi ne da ya fi tikitin girma, don haka kada a ɓoye aikin da ake biya a hannu. Ka zo da takardun albashi na watanni biyu ko uku, bayanin asusun banki, takardar harajin bara, yarjejeniyar haya, takardun wuta da gas, da shaidar duk wani tallafin gwamnati da kake karɓa, kamar SNAP, Medicaid ko SSI. Idan ba ka da aiki, kawo jerin wuraren da ka nema da ranakun. Kotuna da yawa suna aunawa da ma'aunin talauci na tarayya, sau da yawa kashi 125 cikin ɗari nasa. A 2024 ma'aunin ya kasance dala 15,060 a shekara ga mutum ɗaya, 31,200 ga gida mai mutum huɗu, kuma ana sabunta shi kowace shekara.

Mai Uber ko tasi ya yi hattara a nan. Manhajar za ta nuna ka samu, a ce, dala 1,200 a mako, alƙali ya ga mai kuɗi. Kai ka san cewa hayar mota, mai, inshora da kuɗin gada sun cinye fiye da rabi. Ka zo da lissafin a rubuce a takarda ɗaya, da rasit a bayansa, don a ga abin da ke saura.

Kuɗin da kake aikawa gida fa? Ka rubuta su, ka kawo rasit, ka faɗi su wa kake ciyarwa: mahaifiya, mata, 'ya'ya. Wani alƙalin zai lissafa su cikin nauyin da ke kanka, wani zai ce zaɓinka ne. Ɓoye su ya fi muni, domin za su fito a bayanin banki. Haka zubin adashi: idan dala dubu uku suka faɗo asusunka a watan da ka kwasa, ka yi bayani tun kafin a tambaya.

Abin da za ka roƙa ya danganta da halinka. Biya kaɗan-kaɗan shi ne mafi sauƙin samu. A jihar New York, dokar da ta fara aiki a 2021 ta hana dakatar da lasin saboda rashin biyan tarar hanya, ta kuma ba da damar biyan dala 25 a wata ko kashi biyu cikin ɗari na abin da mutum ke samu, wanda ya fi yawa. Amma dakatarwa saboda rashin amsa tikiti ko rashin zuwa tana nan, abin da ya sake nuna inda haɗarin yake. A Teksas doka ta wajabta wa alƙali ya tambayi ƙarfinka lokacin yanke tara, kuma yana iya mayar da ita aikin hidimar jama'a, inda kowace awa takwas ke cire aƙalla dala 100, ko ya yafe wani ɓangare ko duka idan aikin ma zai zame maka ƙunci. Kalifoniya na da shafin intanet mai suna MyCitations na neman ragi ba tare da zuwa kotu ba.

Shawarata: kada ka karɓi tsarin biyan da ka san ya fi ƙarfinka don kawai ka fita daga ɗakin. Dala 30 da za ka iya kowane wata ta fi dala 100 da za ka yi sau biyu ka tsaya. Ka tambaya ko akwai ƙarin kuɗi a kan tsarin, musamman inda aka miƙa karɓar tara ga kamfanin sa ido mai zaman kansa, kamar yadda ake yi a garuruwa da dama na Jojiya, inda kuɗin sa idon na wata-wata kan taru ya yi gogayya da tarar kanta. Idan kuma aiki ya tsaya a tsakiya, ka koma kotu kafin ranar biya ta wuce, ka nemi a sake duba tsarin.

Raina kotu

Wannan ikon ne alƙali ke kare umarninsa da shi, kuma ana raba shi ta fuska biyu.

Akwai wanda ake yi a gaban idon alƙali: ɗaga murya, zagi, katse shi bayan ya yi gargaɗi, waya ta yi ta ƙara, ɗaukar bidiyo. Wannan yana iya hukunta shi nan take. Akwai kuma wanda ya faru a waje, kamar ƙin bin umarnin biya ko na zuwa. A nan alƙali bai ga dalilinka da idonsa ba, don haka ƙa'ida ita ce a aiko maka da takardar ka zo ka faɗi dalilin da zai hana a hukunta ka, a saurare ka. Wannan zaman shi ne mafi muhimmanci a duk shari'ar. Wanda ya rasa shi ya ba alƙali abin da yake buƙata. A Teksas, misali, sai an kira irin wannan zaman kafin a fitar da warantin kama mai bashin tara, wanda a takarda ake kira capias pro fine.

Ta ɗaya fuskar kuma, akwai tsarewar matsa lamba da ta horo. Ta matsa lamba ita ce a tsare ka har sai ka yi abin da aka ce, shi ya sa lauyoyin can ke cewa mabuɗin ɗakin yana aljihun wanda aka tsare. To idan abin da aka ce ka yi biyan dala 600 ne, kai kuma ba ka da ko 60, babu mabuɗi a aljihunka, kuma tsarewar ta rasa hujja. A shari'ar Turner da Rogers ta 2011, wadda ta taso daga South Carolina a kan kuɗin ciyar da yaro, Kotun Ƙoli ta lissafa abin da ya kamata a yi wa wanda ba shi da lauya: a sanar da shi cewa ƙarfin biyansa shi ne jigon zaman, a ba shi fom ya bayyana halinsa, a ba shi dama ya amsa tambayoyi, sannan alƙali ya faɗa ƙarara cewa ya gano yana da halin biya. Ta horo kuwa hukunci ne tsayayye a kan abin da ya riga ya faru, kuma jihohi suna yi wa ƙananan kotuna iyaka. A Teksas iyakar kotun gari tarar dala 100 ce, ko kwana uku a tsare, ko duka biyun.

Hula ko hijabi na addini galibi ba matsala ba ne, amma ka gaya wa jami'in ƙofa tun kafin a shiga. Zaman ya faɗo ranar Juma'a ko ranar Sallah? Wannan dalili ne na neman ɗagewa tun da wuri. Bayan ka rasa zaman, ƙarfinsa kaɗan ne.

Lauya, da maganar takardun zama

Tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Argersinger a 1972, ba a yanke wa mutum ɗauri a kan laifi, komai ƙanƙantarsa, ba tare da an ba shi damar samun lauya ba, kuma marar hali gwamnati ke ba shi. Idan ka ji ana maganar kwana a tsare, ka ce kana son lauya kafin ka ci gaba. Kada ka sa hannu a takardar yafe wannan haƙƙin don layi ya yi sauri. Laifin tara zalla kuwa ba a ba da lauyan gwamnati, sai ka nemi ofisoshin taimakon shari'a na kyauta ko cibiyoyin taimakon shari'a na jami'o'i. New Jersey na iya cajin har dala 200 kuɗin neman lauyan gwamnati a kotun gari, amma alƙali na iya yafewa.

Ga wanda ba ɗan ƙasa ba, waranti ya fi tsada. Duk wanda aka kai ofishin tsarewa aka ɗauki zanen yatsunsa, bayanan na isa hannun hukumomin tarayya, har da na shige da fice. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka kashe waranti ta tagar magatakarda ko ta hannun lauya, maimakon a bakin titi. Kafin ka amsa duk wani laifin da ya wuce na hanya, kamar ɗaukar kaya a kanti, faɗa ko ƙwaya, ka ga lauyan shige da fice, ko da mai gabatar da ƙara ya ce tara kawai za ka biya ka tafi gida. Kuma kada a haɗa kotun gari da kotun shige da fice: rasa zama a waccan na iya jawo umarnin kora daga ƙasa a bayan idonka.

Idan hukuncin bai yi maka ba, ɗaukaka ƙara na da ƙurarren lokaci, kwana 20 a New Jersey, kwana goma a yawancin kotunan garin Teksas. Ka tambayi adadin tun kana tagar.

Rufe fayil

Alƙali ya ce ya janye waranti, ka gama biya ko ka gama aikin. Saura takardu uku. Ka karɓi shaidar janye warantin mai hatimi, ka ajiye kwafi a motarka na 'yan watanni, don kwamfutar 'yan sanda kan yi jinkirin sabuntawa. Ka karɓi takardar da ke nuna yadda aka ƙare shari'ar da cewa babu sauran bashi, ka adana ta tare da fasfonka, domin fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yana tambaya ko an taɓa kama ka ko rubuta maka sammaci, kuma neman wannan takardar bayan shekara bakwai daga wata jiha wahala ce. Sannan ka tuntuɓi hukumar lasin da kanka ka ji ko an cire dakatarwar. A jihohi da yawa sallamar kotu ba ta mayar da lasin, akwai kuɗin maidowa daban da ake biya a can, kuma sai sun tabbatar maka lasin ya dawo za ka tada mota.